Sista Suzana da Ƙodar Mai Gasa Burodi

Ladanin masallacin layinsu shi ne agogon Sista Suzana Tagwai, ko da yake ita ba sallar za ta yi ba. Yana ɗaga murya take tashi, ta yi tata addu'ar, ta karanta abin da ya sawwaƙa daga Littafi Mai Tsarki, ta ɗora ruwan zafi. Kafin 'yan makaranta su cika titin Tudun Wada ta riga ta fito cikin fararen kayanta, jaka a hammata, gorar ruwa a hannu. Masu keke da 'yan acaɓan bakin layi sun san ta sarai. Ba ta wuce mutum ba ta tambaye shi ko ya sha ruwa ba, har suka laƙaba mata Mama Sha-Ruwa. In wani ya ce ai ya sha shayi, sai ta harare shi ta ce, "Shayi na tambaye ka? Ka yini a rana kana zufa kamar sabon tulu, ran da tsakuwa ta tokare ka ni za ka tayar wa hankali." Su yi dariya, ita ma ta yi, amma ba za ta hau keken ba sai ta ga ya fasa ledar ruwa ya kwankwaɗe.

A asibitin da take aiki, ita ce nas mai kula da ɗakin tiyatar masu tsakuwa. Ga wanda Allah bai jarrabe shi da wannan ciwo ba, tsakuwa ce takan ƙullu a cikin ƙoda, ta gangaro ta maƙale a siririyar hanyar da ke kai fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara. Matan da suka haihu suka kuma yi tsakuwa, da yawansu cewa suke gara naƙuda. A da sai an tsaga kwiɓin mutum kafin a kai gare ta. Yanzu kuwa ba a yanka. Wani dogon siririn ƙarfe ne mai ido da fitila a bakinsa, likita ya zura shi ta mafitar fitsari, ya bi hanya yana kallo a allo har ya tarar da tsakuwar, ya farfasa ta da hasken lesa, ya kwaso ɓarɓashin da ɗan kwandon waya. Mutumin da aka kawo ranga-ranga sai ka gan shi washegari yana neman koko.

Likitan da ke wannan aiki, Dokta Nwabueze, shi ake kai wa godiya da kaji, kuma wallahi ya cancanta. Amma ƙarfen nan guda ɗaya ne tak a asibitin. In ya lalace sai an aika shi can Legas, marasa lafiya su yi ta murƙususu suna jira. Sista Suzana ce ke wanke shi. Ka gan ta tana wankin sai ka rantse jariri take yi wa wanka: ta bi ramin cikinsa da ɗan buroshi, ta tsoma shi a ruwan magani, ta ɗaga shi saitin taga ta leƙa ko idon ya yi hazo. Ba ta yarda kowa ya ɗauke shi da hannu ɗaya. Tun da aka kawo shi bai taɓa ganin hanyar Legas ba.

Akwai kuma wani abu da ba kowa ya sani ba. In an gama fasa tsakuwa hanyar takan kumbura, don haka likita kan bar wata siririyar roba a ciki, daga ƙoda zuwa mafitsara, don fitsari ya sami wurin wucewa. Robar nan baƙuwa ce, 'yan makonni za ta yi a cire ta. In aka manta da ita, gishirin fitsari ya yi ta taruwa a jikinta har ta zama tsakuwar da ta fi ta farko, ta toshe hanya, ƙoda ta yi ta mutuwa a hankali mai ita bai sani ba. To ka dai san halinmu, da ciwo ya lafa asibiti ya zama gidan surukai. Shi ya sa Sista ta ɓullo da tata dabarar. Duk wanda aka bar wa roba sai ta ɗaura masa shuɗin zare a wuyan hannu, ta ce, "Wannan ba laya ba ce, kada wani ya ɗaga maka hankali. In ka gan shi, ka tuna akwai kayanmu a cikinka." Ita ce kuma ke yanke shi da almakashinta ran da aka cire robar.

Madam Chinelo mai shagon kayan ɗinki a kasuwar Tudun Wada, wadda a wurinta ake sayo zaren, ita ma ta taɓa ɗaura shi. Ta ce ran da aka shiga da ita tsoro ya cika ta, sai ta ji an riƙe hannunta ana rera mata waƙar coci ƙasa-ƙasa har allura ta kama. Wani dattijo daga Gyallesu kuwa ya ce shi addu'a ya fara ta kakare masa don tsoro, sai Sista ta ce, "Baba, ja a hankali ka kai ƙarshe, za mu jira ka." Suka kuwa tsaya, har da likita, sai da ya shafa.

Amma labarin da ya kamata a ji shi ne na Malam Mika'ilu Nagoda.

Mika'ilu mai gasa burodi ne, dogon mutum mara hayaniya, da tabon ƙuna a bayan hannunsa na dama. Aikinsa tsayuwa gaban tanderu, wuta a gaba, zafin bazara a baya, shan ruwa kuwa sai in ya tuna. Aka kawo shi yana amai yana riƙe da kwiɓi, fitsari ya ƙi fita sai ɗigo. Da aka ɗauki hoto aka ga tsakuwar, aka kuma ga abin da shi kansa bai sani ba: ƙoda ɗaya gare shi, haka aka haife shi. Dokta Nwabueze ya daɗe a Zariya, Hausa ta zauna a bakinsa. Ya ce masa, "Malam, kowa biyu gare shi, kai ɗaya Allah ya ba ka. Motarka ba ta da safaya. Ka riƙe wannan da kyau."

Aiki ya yi kyau. An yi masa allurar baya, wadda ke kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa mutum yana farke, aka fasa tsakuwar, aka bar masa roba. Sista ta zuba masa ɓarɓashin a 'yar kwalba ya tafi da shi, ta ɗaura masa zare, ta faɗa masa ranar dawowa ta nanata. Duk maganar nan kansa a sunkuye yake, "to" kawai yake cewa. Ta ɗauka gajiya ce.

Ranar ta zo, babu Mika'ilu. Aka kira wayarsa, ba ta shiga. Sista ta tashi aiki ta hau keke zuwa gidan burodin da yake a Gyallesu, aka ce ai ya bar aiki a nan, ya kwashe iyalinsa ya tashi, ba a san inda ya nufa ba. Bazara ta wuce, damina ta sauka ta yi nisa, shiru. Abin ya tsaya mata a rai. Wanda ke da ƙoda biyu in ɗaya ta mutu ɗayar ta riƙe shi. Wannan bawan Allah kuwa in tasa ta tsaya, sai dai a riƙa wanke masa jini a inji har ƙarshen rayuwarsa, in ma an kai ga injin. Ga shi kuma shekarun aikinta sun kusa cika. In ta tafi, wa zai tuna fuskarsa?

Dokta ya ce, "Sista, mun yi iya namu. Mu roƙi Allah ya dawo da shi."

Ta ce, "Roƙon ina yi, Dokta. Amma bari in haɗa da ƙafa."

Dabara ta faɗo mata: ba wanda ya san masu burodi kamar masu shayi. Ta fara bin teburansu bayan la'asar in ta tashi aiki, daga Tudun Wada har inda keke ya kai ta. Ka yi tunanin dattijuwa cikin fararen kaya tsaye gaban bencin majiya ƙarfi tana tambayar wani dogo mai tabon ƙuna. Ai kuwa ta sha zolaya. Wani ya ce, "Mama, surukinki ne ya gudu?" Ta ce, "Da suruki ne da na bar shi. Wannan da kayanmu ya gudu a cikinsa." Wasu su yi dariya, wasu su tura ta gaba, wasu su ba ta kwatancen da ba ya ɓullewa ko'ina. Gwiwoyinta da ma ba lafiya gare su ba, ta dawo gida ta gasa su da ruwan zafi, in ta huta kwana biyu ta sake fita.

A Kwangila aka dace. Wani mai shayi yana fasa ƙwai ya ce, "Nagoda? Ai burodinsa ne wannan. Ki bi bayan tasha, ƙamshi zai kai ki."

Ta same shi gaban tanderu riƙe da doguwar sandar fito da burodi. Kafin ta kalli fuskarsa ƙafafunsa ta kalla, sun kumbura sun cika silifa fam. Ta yi sallama. Ya waiwayo, sandar ta kusa suɓuce masa.

"Sista! Ke ce har nan?"

"Ni ce. Ina zarena?"

Ya sunkuyar da kai. "Zare da kwaɓi ba sa shiri, Sista. Maigida ya ce in cire kada ya faɗa cikin burodi."

"To, zare ya tafi, Allah ya raka taki gona. Robar fa?"

"Ai ta narke."

"Ta me?"

"Lokacin da aka yi wa maiɗakina aiki aka ciro yaro, zaren ɗinkin da kansa ya narke, ba mu koma ba. Na ce ita ma wannan ai kayan zamani ce."

"Ikon Allah! Kai Mika'ilu, silifan da ke ƙafarka kullum yana gaban wuta, ya narke? Faɗa mini, yaya kalar fitsarinka?"

Ya juya yana gyara itacen da ba ya bukatar gyara. Ta san in ta matsa masa gaban abokan aikinsa ta rasa shi gaba ɗaya. Sai ta ce ba komai, ya sa a nuna mata gida ta gaisa da maiɗakin, tun da ta zo unguwa.

Matarsa Hanifa ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa, yaronsu yana maƙale da zanenta. Gaisuwa ba ta yi nisa ba idon Hanifa ya kawo ruwa. Ta ce fitsarinsa da jini yake fita, zazzaɓi ya zo ya tafi, abinci ya daina shiga, sai jiƙe-jiƙe yake sha. Sannan ta leƙa ƙofa, ta rage murya.

"Mama, maganar narkewa faɗa kawai yake yi. Ya san tana nan. Kunya ce."

"Kunyar wa?"

Hanifa ta daɗe tana wasa da bakin tabarma. "Taki, Mama. Ki yi haƙuri. Ya ce idonsa biyu aka yi aikin, kina tsaye, sa'ar mahaifiyarsa, aka bi ta inda aka bi. Ya ce da ya sake kwanciya a haka gara ya mutu a rufe."

Maganar nan ta soki Sista Suzana, ba ƙarya. Duk tsawon aikinta ta ɗauka tsayuwarta a ɗakin nan sanyi ce ga mara lafiya, kuma ga da yawa hakan take. Yau ga mutum yana shirin rasa ransa don kada ya sake haɗa ido da ita. Da wata ce, da ta hau faɗa: ni na haife ka, wane irin tsiraici ne ban gani ba? Duk gaskiya ne, amma da ba su dawo da shi ba. Ita 'yar Zariya ce gaba da baya, a gidansu ma ba a kiran sunan ɗan fari. Ta san kunya ba a cire ta da hujja.

Ta zauna har ya dawo daga aiki. Da ta ji motsinsa a zaure ba ta fita ba, ta tsaya daga bayan ƙyaure inda ba zai gan ta ba.

"Malam Mika'ilu, na ji komai, kuma ban ga laifinka ba. In ni ce damuwar, ba za ka gan ni ba. Akwai abokin aikina namiji, Malam Ashraf, shi zai tsaya. Daga likita har mai allura duk maza za a sa. Amma gobe ka zo. Ƙodar nan ita ke nan gare ka, kuma ta fara gajiya, ƙafafunka sun faɗa mini. Ka dubi Hanifa, ka dubi yaron nan."

Can ya ce, "Kin yi alkawari, Sista?"

"Na yi, tsakanina da Allah."

Ya zo. Gwajin jini ya nuna ƙodar tana gab da sarewa, hoto ya nuna robar ta yi ɓawo tun daga sama har ƙasa. Dokta ya kalli hoton ya girgiza kai, ya ce za a fara kashe zazzaɓin da magani, sannan a shiga a farfasa ɓawon da lesa kaɗan-kaɗan, don in aka ja robar a haka za ta yaga hanyar. Bai ɓoye musu ba, ya ce ba ya da tabbacin ƙodar za ta farfaɗo.

Ran aikin Sista ta riga kowa shiga. Ta wanke ƙarfen, ta leƙa idonsa, ta jera komai a inda hannun Dokta ya saba tarar da shi, ta yi wa Malam Ashraf bayanin da ya riga ya sani har sai da ya ce, "Sista, na ji, wallahi na ji." Da ta ji ƙarar gadon da aka turo Mika'ilu a kai, ta fice ta ƙofar baya, ta zagayo ta zauna a bencin 'yan jira kusa da Hanifa.

Ba ta taɓa zama a bencin nan ba. Kullum ta cikin ƙofar take, inda aiki ke cinye lokaci. Ashe haka jira yake da tsawo! Hanifa tana jan carbi, ita tana tata addu'ar a zuci, yatsunta suna motsi a kan cinya kamar mai miƙa kayan aiki. Wannan shi ne aiki mafi wuya da ya zo ɗakin a shekarar, a kan mutumin da ta sha rana tana nema, ga ta kuma a waje. Ta miƙe ta kai hannu ga ƙofa, ta tuna abin da ta faɗa a bayan ƙyaure, ta dawo ta zauna. Hanifa ta gani, ta kamo hannunta ta riƙe.

Sai da rana ta karkata ƙofar ta buɗe. Dokta Nwabueze ya fito hularsa jiƙe da zufa, riƙe da ɗan kwanon ƙarfe. A ciki ga robar, ta yi kauri ta yi ɓawo kamar tsiren da aka cika wa ƙuli.

Ya ce, "Ta fito gaba ɗaya. Fitsari yana zuba, Sista. Ƙodar ta amsa."

Hanifa ta faɗi ta yi sujada a nan kan siminti. Sista Suzana kuwa, wadda ma'aikata ke cewa ba a taɓa ganin hawayenta ba, ta rufe fuska da tafin hannu ta yi kukanta ba ta damu da masu wucewa ba.

Washegari Malam Ashraf ya same ta tana wankin kaya ya ce Mika'ilu yana nemanta. Ta ce ta yi alkawari. Ya ce ai mai alkawarin ne ya aiko. Ta je ta tsaya daga bakin ƙofar ɗakin maza.

"Inna, shigo mana," in ji Mika'ilu.

Ta shiga. Ya ɗaga kai ya dube ta sosai, ya ce, "An ce a benci kika yini."

"Alkawari kaya ne."

"Na wahalar da ke, Inna. Ki yafe ni."

"Gwiwoyina za ka roƙa, su ka wahalar. Kwanta ka huta."

Robar wucin gadi da aka sake sa masa kuwa, ranar cire ta ba ta ma zo ba ya kawo kansa, sai da aka ce ya koma ya ƙara haƙuri.

Ƙarshen watan nan Sista Suzana za ta ajiye aiki. Za a yanka kek, a yi jawabai, a ba ta agogon bango, kowa ya watse. Ba za a sa sunanta a jikin wani gini ba. Shi ya sa ya zama dole a faɗa tun tana ji da kunnenta.

Ke ce, 'yar Tagwai, mai bin sawun wanda ya manta da kansa. Ke ce kika ɗauki ƙodar wani kika sa a ranki alhali mai ita ya juya mata baya. Ke ce kika san lokacin da za ki tsaya a kan mara lafiya, kika kuma yarda ki kauce ran da kaucewar ce magani, ko da ta yi miki ciwo. Uwar masu tsakuwa, Tudun Wada ta gode, Gyallesu ta gode, Kwangila ta gode. Allah ya huta gajiya, ya ba gwiwoyin nan lafiya, ya sa ki ci gajiyar hutunki cikin jikoki.

Ku kuma masu fararen kaya da ke tasowa, ga hanya nan an share muku. Mara lafiya ba ya ƙarewa a bakin ƙofar asibiti. In bai dawo ba ku tambayi dalili, wataƙila abin da ya hana shi ƙarami ne a wurinku, a wurinsa kuwa ya kai rai. Kai ma mai karatu, in an taɓa bar maka wani abu a jiki aka ce ka dawo, tashi ka koma, ba kowa ke da mai bin teburan shayi tana nemansa ba.

Mika'ilu Nagoda yana nan bayan tasha a Kwangila, yana gasa burodi da ƙodarsa ɗaya tilo, tana aikinta. Bana yaronsa zai shiga makaranta, kuma ubansa ne zai riƙe hannunsa ya kai shi.